Kyamara Mai Kyan Gani Da Kyamara Mai Kyan Aiki

Cikin watan Fabrairu na shekarar 2025 wani kamfani na ƙasar Japan mai suna Sigma ya fito da wata kyamara wadda ya raɗa wa suna BF. Daga dunƙulen alminiyon guda a ke sassaƙo jikinta, kuma in ji kamfanin sai injin ya yi awa 7 yana aiki kafin ya gama guda ɗaya. Ba ta da tagar nan da a ke kafa ido a leƙa, ba ta da wurin ɗora fitila a samanta, ba ta da ramin sa katin ajiye hotuna, sai rumbun da aka gina mata a ciki. Maɓallanta kuwa yaro zai ƙidaya su da yatsun hannu ɗaya ko ya ɗara kaɗan. Kuɗinta cikin 2025 ya kusa dala 2,000, watau wajen naira miliyan 3 a canjin waccan shekarar. Duk wanda ya ga hotonta zai yarda lalle abar kyakkyawa ce, sumul kamar sabulun da ba a taɓa wanka da shi ba.

To, amma a Bauchi an san kyamara marar tarkace tun kafin a haifi waɗanda suka zana wannan. Dattawan da suka yi hoton fasfo a shekarun 1960 da na 1970, domin shiga makaranta ko neman aikin En'e ko tafiya aikin Hajji, za su tuna da akwatin katakon nan mai ƙafa uku da a kan girke a bakin kasuwa ko kusa da gidan waya. Gilashi ɗaya gare shi a gaba, da hannun riga baƙi a baya inda mai hoto ke cusa hannunsa. A cikin akwatin akwai 'yan kwanoni biyu na magani, ɗaya mai fito da hoto, ɗaya mai kama shi kada ya gudu. Mai hoto ya kan zaunar da mutum a kan benci, ya ce masa kada ya motsa, kada ya ƙifta, sa'an nan ya cire murfin gilashin, ya ƙirga a zuci, ya mayar. Takardar da ta fara fitowa a juye ta ke, fuska fara tas, hula baƙa ƙirin. Sai ya manna ta a wani ɗan allo a gaban gilashin, ya sake ɗaukar hoton hoton, ya ɗauraye a bokiti, ya datse gefe da almakashi, ya miƙa wa mai shi tun bai gama bushewa ba. Babu batir, babu lantarki, babu ɗakin wanki. Idan katakon ya tsage kafinta ne zai gyara, idan hannun rigar ya yage tela na nan kusa.

Akwatin nan da kyamarar Sigma duka biyu an rage musu kaya, amma dalilin ragin ya bambanta. Mai akwati bai zubar da kome ba sai abin da aikinsa bai nema ba, kamar yadda maƙeri ba ya ƙara wa fartanya ko da tsinke domin ado, duk da haka wanda ya iya kallo zai ga kyanta a lanƙwasar ƙotarta. Ita kuwa sabuwar, da wuya a ce ba idon mai saye aka fara tunawa da shi ba kafin hannunsa.

Tarihin kyamara cike ya ke da wannan ja-in-ja. Cikin 1888 George Eastman na Amurka ya sayar da Kodak ta farko a kan dala 25, da fim na hoto 100 a cikinta, ya ce wa jama'a nasu dai danna maɓalli, sauran aiki a bar wa kamfani. Cikin 1900 ya fito da Brownie a kan dala 1, akwatin kwali da gilashi ɗaya, wanda ya kai hoto gidajen talakawa. Da irin wannan Brownie ce J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara cikin 1950, mutumin da daga baya ya yi suna a duniya saboda hotunan kitson matan Nijeriya, haka kuma Seydou Keïta na Bamako. Saboda haka ba za a raina ƙaramar kyamara ba. Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne, duk lokacin da aka cire wani maɓalli daga jikin kyamara, shawarar da maɓallin ke yankewa ba ta ɓace ba, an dai miƙa ta ga wani injiniya a wata ƙasa, wanda ya yanke ta tun da wuri bisa ga rana da fata da tufafin da ya saba gani.

A nan ne masu hoto na Arewa suka sha wahala shekara da shekaru. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara mai sarrafa kanta an gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabanta, in an gauraya shi, toka-toka ne. To, sai ga basarake ya tsaya a tsakar rana cikin farar babbar riga da farin rawani, a gaban bango mai farin fenti. Kyamara ta ga fari ya yi yawa, sai ta tsuke idonta, riga ta fito daidai da aikin zarenta, fuska kuwa ta zama baƙin dunƙule da haƙora. Har wa yau, tun daga shekarun 1950 katin da kamfanin Kodak ya riƙa aika wa masu wanke hoto domin daidaita launi hoton Baturiya ne a kansa, watau fatarta ce ma'auni. Gwanin mai hoto ya san maganin abin: ya ƙara buɗe idon kyamara taki ɗaya ko biyu, ya bar rigar ta ɗan ƙone domin fuska ta fito. Amma sai in kyamarar ta bar masa abin da zai juya. Wanda ke riƙe da Instamatic, wadda Kodak ta fito da ita cikin 1963, sai dai ya ja mutum zuwa inuwar darbejiya ya yi fatan alheri. Gidaje da yawa a Bauchi suna da irin waɗannan hotuna a ƙasan akwati, na ɗaurin aure da na suna, inda sai an tambayi tsohuwar gida kafin a san wane ne a tsakiya.

In ana son a gwada kyamara da gaske, a kai ta ƙofar fadar Sarkin Bauchi ran hawan Salla. Rana ta take, ƙura ta turnuƙe, jama'a na turereniya, 'yan bindiga na harbi, ga dawaki sun sako a guje za su yi jafi. Mai kyamarar da ba ta da tagar leƙe dole ya miƙa hannuwa gaba yana duban allon bayanta, allon kuwa rana ta kashe shi, ba ya ganin kome sai inuwar fuskarsa. Jikinta mai santsi ba shi da tudun da yatsu za su kama, ga gumi. Kuma tun da ba ta da ƙyaure na ƙarfe mai buɗewa ya rufe, sai na lantarki wanda ke karanta hoto layi-layi daga sama zuwa ƙasa, abin da ke gudu da sauri ya kan fito a karkace, mashi ya lanƙwashe kamar kara. Idan rumbunta ya cika ko ya lalace, babu katin da za a zare a sa wani. Dokin da ya wuce kuwa ya wuce ke nan, sai baɗi in da rai.

Sai dai kuma a yi wa masu ragi adalci. Manyan kyamarorin zamanin nan sun cika da maɓallai da jerin zaɓi shafi-shafi, har mutum ya kan sunkuya yana lalube a allo alhali amarya ta riga ta shige mota. Wannan ma cuta ce, kuma ita ce ta sa wasu ke marmarin abu mai sauƙi. An taɓa samun daidaito. Pentax K1000, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 zuwa 1997, abubuwa uku kawai ta bar wa mai ita: faɗin ido, saurin ƙyaure, da nisan abin ɗauka, kuma ko batir ɗinta ya mutu tana ɗaukar hoto, ma'aunin haske kaɗai ke tsayawa. Olympus Trip 35 ta 1967 ba ta ma san batir ba, hasken rana ke motsa ma'auninta, in duhu ya yi yawa sai wata 'yar jar tuta ta ɗago ta hana a ɓata fim. A ƙasar da wuta ke zuwa ta koma yadda ta ga dama, wannan ragi ne mai hankali. Akasinsa shi ne abin da kamfanin Leica na Jamus ya yi cikin 2016, da ya cire allon baya daga wata kyamararsa ta zamani, M-D, ya kuma sayar da ita da tsada. Mai kuɗi na iya sayen rashi domin nishaɗi. Wanda aka biya ya ɗauki walimar saukar Alƙur'ani ba zai iya jira sai ya koma gida kafin ya san ko hoton ya yi ba.

Akwai wani gini a Bauchi da ke da abin cewa a wannan magana, watau kabarin Firayim Minista Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah ya jiƙansa, wanda aka kashe cikin Janairu 1966, aka kuma buɗe ginin cikin 1979. Daga waje dogayen bangaye ne kawai, babu ƙubba, babu zayyana. Mai ziyara ya kan shiga ta wani lungu mai duhu, yana tafe yana lalube, haske na tsattsafowa kaɗan-kaɗan, har ya ɓulla wani fili marar rufi inda kabarin ya ke a ƙarƙashin sararin sama. Duk wanda ya san asalin kyamara zai ga kama, gama kalmar kanta daga Latin ta fito, ma'anarta ɗaki, kuma masanin nan Ibn al-Haitham, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar huda ya zana abin da ke waje a bango. Wanda zai ce ginin nan ba shi da amfani tun da ba ya tare ruwan sama bai fahimci aikin da aka ba shi ba. Aikinsa ya sa zuciya ta yi sanyi ta tuna da mutumin da bai tara dukiya ba, kuma rashin rufin na cikin aikin. Mai yiwuwa kyamarar Sigma ma haka ta ke, an yi ta ne domin mai yawon shan iska da ke son abin hannunsa ya faranta masa rai, kuma ba laifi. Laifin na zuwa ne in aka tallata ta ga wanda hoto ne tuwonsa.

Wadda ta ci kasuwa dai ba Sigma ba ce, ba Leica ba. Tun da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya cikin 2001, daga baya kuma aka sa mata ido a baya, kyamarar da ta fi kowace sauƙi ta shiga aljihun ɗan acaɓa da mai shayi, da'ira ɗaya a kan gilashi, a taɓa ta shi ke nan. Duk shawarar haske da launi tana can ciki inda ba a gani, har wasu wayoyin su kan goge fuska su ƙara mata fari ba tare da an tambayi mai fuskar ba. Ɗakunan hoto da dama sun koma buga fasfo da katin biki da kalandar 'yan siyasa. Hoton da mai akwatin katako ya ɗauraye a bokiti shekara 50 da suka wuce yana nan manne a takardar shaidar makaranta, ya yi ja-ja amma ana gane mai shi, alhali kuwa a kasuwar Wunti masu gyaran waya sun saba da mutanen da ke zuwa da wayar da ta faɗa ruwa suna roƙon a ceto musu hoton mahaifiyar da ta rasu.