Masu Warwarar da Ke Tsare Mu Daga Ciwon Daji

Kusan kowace irin ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da DNA wanda in aka miƙe shi zai kai mita 2. Zare biyu ne a murɗe kamar igiyar da aka tufka. Duk lokacin da ƙwayar za ta rabu gida biyu dole a kwafe shi kaf, kuma ba ya kwafuwa sai an warware shi. Wannan aikin wasu furotin ne da ake kira helikes.

Aikinsu bai tsaya nan ba. In kwafin ya cije, ko zaren ya ƙulle, ko ya tsinke, su ke kwance wurin don masu gyara su samu shiga. In babu su, sai gyaran ya zo a karkace, guntu ya manne inda ba muhallinsa ba, kurakurai su yi ta taruwa. Daga irin wannan tarin ciwon daji ke tasowa.

Abin da ke taɓa zuciyata shi ne, a jikin waɗanda suka rasa su aka gane darajarsu. A 1954 likitan fata David Bloom na New York ya bayyana wasu yara 'yan tsurut, fuskarsu na yin ja in rana ta taɓa ta. Masu wannan larura kan kamu da ciwon daji iri-iri tun da ƙuruciya. Sai a 1995 aka gano helikes guda ce, BLM, ba ta aiki. Haka cutar da Otto Werner ya bayyana a Jamus a 1904: matashi ya yi furfura, yanar ido ta kama shi, tsufa ya zo da wuri. A 1996 aka gano tata, WRN. Dukansu gado ne irin na sikila, sai an ɗauko daga uwa da uba.

A 2019 kuma bincike ya nuna wasu nau'o'in ciwon dajin hanji da na mahaifa ba sa rayuwa in babu WRN, saboda nasu DNA ya riga ya dagule. Yanzu ana gwajin magungunan da ke toshe ta don ƙwayoyin cutar su mutu.

Don haka kar mu raina binciken cutar da mutane ƙalilan ke fama da ita. Wahalar waɗannan iyalai ce ta buɗe ƙofar maganin da ake fata dubbai za su amfana da shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.