Alƙawari Ba Ya Yaɓe Bango

Ni ne sakataren kwamitin da ya shirya taron ƙaddamar da asusun gyaran wani tsohon soro a cikin birnin Kano, kuma ni ne silar zubewar bangonsa na gabas. Ina faɗin haka ne don masu irin wannan hidima su ɗauki izina.

Taro kam ya yi armashi. Mun kama babban ɗakin taro, mun buga katin gayyata, mun samo babban mai ƙaddamarwa. Duk wanda ya miƙe ya ambaci adadi sai sanƙira ya cira murya, jama'a su ɗauki tafi. Da daddare na haɗa lissafi, na ga ya ishi aikin har da rara. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne, ɗan tsabar kuɗin da ya shigo hannu ya ƙare a kuɗin ɗaki da abinci da sallamar 'yan hidima. Sauran duk alƙawari ne.

A kan wannan lissafi na sa magina su kankare tsohon yaɓe, alhali bazara ta riga ta kama. Babbansu ya ja ni gefe ya ce, "Malam, bangon ƙasa in an buɗe shi, sai an rufe shi kafin ruwa ya sauka." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, kuɗi na nan tafe.

Dattijon ya san abin da yake faɗa. Tubali ba ya jure ruwa, yaɓen da ke kansa ne garkuwarsa. Shi ya sa magina ke kwaɓa ƙasa da makuba daga ɓawon ɗorawa, ko su yi laso da katsin marina da gashin akuya da dafara. A ƙasarmu kuwa hadari daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas ne ke shan dukan ruwa. Shi na bari tsirara.

Daga nan na shiga zarya gidajen masu alƙawari. Yau a ce Alhaji ya yi tafiya, gobe a ce a dawo bayan Sallah. Wasu sun cika, Allah Ya saka musu, amma kafin kuɗin su taru damina ta kankama. Ruwan watan Agusta ya jiƙa bangon har ciki, azara ta saki, gefe guda ya zube. Abin da ya tsaya shekara da shekaru, gaggawata ta kayar da shi.

Ashe tun farko na yi wa aikin gurguwar fahimta. Ginin ƙasa kulawa yake so a kai a kai, ko da kuɗin kaɗan ne. Ganuwar Kano, wadda aka aza harsashinta zamanin Sarki Gijimasu, kuma Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ta, ta daɗe ne saboda ana fita gyaranta. Da aka daina, ga yadda take zaizayewa. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsayin mita 27, a tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, itatuwan da suka fito a jikinta matakala ce ta masu yaɓe. Waɗanda suka gina ta sun tanadi hanyar gyara tun ranar gini.

Yanzu kwamitinmu yana taronsa da kaka, lokacin da rani ke gaba. Hidimar taro wani ne ke ɗaukar nauyinta daban, ba ta taɓa asusu. Mun fi dogara da ƙaramin karo-karon 'yan unguwa na wata-wata, kuma magina ne ke tsayar da ranar fara aiki.

Duk mai shirin irin wannan taro, ya raba littafinsa biyu: na alƙawari daban, na abin da ya shiga asusu daban. Kada ya bari a kankare bango sai da kuɗin da ke littafi na biyu.