Ruwan da Ya Ƙi Lissafi

Duk wanda ya tashi a Yawuri kamar ni ya san ruwa ba ya tafiya a miƙe. Da damina, idan farin ruwa ya sauko da laka ya shiga tafkin Kainji, za ka ga babban juyi yana haifar ƙanana, su ma su haifi waɗanda suka fi su ƙanƙanta, har ido ya gaza. Wannan hargitsin ruwa, mai karatu, yana cikin matsalolin da har gobe masana kimiyyar fiziks ba su gama warwarewa ba, duk da ƙoƙarin Kolmogorov na Rasha tun 1941.

Cikin masu wannan fama, wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne Boris Shraiman, haifaffen Leningrad, wanda ya yi digirin digirgir a Harvard a 1983, ya yi shekaru a Bell Labs, sannan ya koma Santa Barbara ta Amurka a 2004. A 2000 shi da Eric Siggia sun yi rubutu a mujallar Nature kan yadda hargitsi ke yayyaga duk abin da aka zuba a ruwa ko iska, ya mai da shi zare-zare kafin ya gauraye. Daga baya ya karkata ga binciken halittu, abin da wani zai ɗauka sauya sheƙa ce. Ni ban gan shi haka ba.

Tsaya nesa da masu bandar kifi a kasuwar Yawuri ka gani. Ƙanshin zai doke ka, ya ɓace, can ya sake dawowa, domin iska ta yanka shi gunduwa-gunduwa. To, yaya ƙwaro ke gano inda ƙanshi ya fito a irin wannan iska? A 2007 Shraiman da Vergassola da Villermaux suka fitar da lissafi: mai nema ya nufi wurin da zai fi ƙaro masa labari, ko da ba can ƙanshin ya fi ƙarfi ba. Hanyar da lissafin ya zana, kai-komo hagu da dama kafin a miƙe, ta yi kama da tashin ƙwarin dare masu neman mata.

Haka kawuna, wani Basarke a ƙasar Ngaski, yake farautar kifi, wallahi. Ya sha gaya mini cewa da aka datse Kwara a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Busa da gungayen Gungawa, sai da suka koyi karatun ruwa daga fari, domin duk juyin da iyayensu suka haddace ya nutse. Jikansa ɗan shekara 12 yana duban fuskar ruwa ya faɗa maka inda kututture ke ɓoye a ƙasa, kuma da irin wannan ido ne fasinja ke isa kasuwar Wara da rai. Bara aka cire shi daga aji biyar saboda babu mai riƙe wa babansa filafili.