Dawa Suna Ta Tara

Ɗalibin da ya duba ƙamus zai ga kalmar dawa da ma'ana guda, ya wuce abinsa. A wurin manomi kuwa dawa suna ta tara, akwai kaura, akwai farafara, akwai janjare, kowace da abin da ta fi dacewa da shi. Yadda mutanen Faransa suke rarrabe irin inabi, su ce ruwan wannan da kifi ya dace, na wancan da nama, haka uwargida take zaɓen dawa kafin ta kai niƙa.

Wannan sani bai tsaya a ƙasar Hausa ba. A Sudan, a gaɓar Shuɗin Nilu, akwai garuruwa irin su Abu Hujar da Mai Wurno, inda jikokin alhazai da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suke zaune. Sun tarar da wasu irin dawa, suka karɓe su da sunayensu na Larabci. Dabar da tabat farare ne, da su ake kisra mai laushi da asida, wato tuwo, a ci da miyar busasshiyar kuɓewa wadda a can ake kira weka.

Fatarita ita ce abar lura. Tana nuna da wuri, tana jure fari, amma garinta ya fi duhu, kuma tana da bauri. Ɗalibi ya riƙe wannan kalma da kyau, don bauri daban yake da ɗaci, daban da tsami: shi ne abin da ɗanyar kanya take yi wa harshe. Sinadarin da ke kawo shi a fatarita dangin wanda ke cikin ɓawon baƙin inabi ne. Mai son farar kisra yakan raina ta, amma da watan azumi ya gabato sai darajarta ta tashi. Mata sukan jiƙa ta har ta yi tsiro, su shanya, su niƙa, su dama da citta da kirfa da sauran kayan ƙamshi, su bar kullun ya yi tsami, sannan su gasa shi fale-fale a kan faifan ƙarfe. Lokacin buɗa-baki a jiƙa, a tace, a sa sukari. Sunansa hilumur, ma'ana zaƙi da ɗaci, kuma sunan bai yi ƙarya ba.

Gwanintar haɗi tana nan. Hilumur yana zama daram kusa da asida, yana kashe ƙishin yini. Amma idan agashe ne a faranti, wato tsiren Sudan mai ƙuli da yaji, wanda kunnen Bahaushe yake jin gashi a cikin sunansa, to karkade, zoɓonmu ke nan, ko ardeb, wato tsamiya, ya fi, saboda tsami yana yanke maiƙo. Mai gabzar yaji ya kora da hilumur zai ji citta ta hau kan barkono, bakinsa ya rasa wanda zai saurara.