Duwatsun Dorset da Mata Biyu

Yau zan kai ku wani lardi na kudancin Ingila, a bakin teku, sunansa Dorset.

Ƙasa ce ta tuddai masu ciyawa kore shar, tumaki na kiwo a kai, sa'an nan sai tudu ya yanke tsaye, teku na dukan gindinsa. A wani wuri da a ke kira Durdle Door ruwa ya yi ta cin dutse har ya huda shi, ya zama kamar ƙofar gari a cikin teku. A 2001 aka sa wannan gaɓa cikin wuraren gado na duniya. Amma ni abin da ya fi kama mini hankali labarin mata biyu ne na lardin, dukansu sunansu Mary.

Ta fari ita ce Mary Bankes, uwargidan fadar Corfe mai ganuwa, wadda kangonta ke bisa tudu har yau. A 1643, lokacin yaƙin basasa, mijinta na wajen Sarki sai rundunar Majalisa ta kewaye fadar. Ba ta buɗe ƙofa ba. Ita da 'ya'yanta mata da barorinta suka hau ganuwa tare da 'yan sojan da ke ciki, suna sako duwatsu da garwashi, har maharan suka janye. Sai a 1646 wani na ciki ya ci amana, aka ci fadar, aka rushe ta da albarushi.

Ta biyu kuwa, Mary Anning, 'yar kafinta ce a garin Lyme Regis. Ubanta ya rasu a 1810 ya bar su da bashi, sai ta riƙa bin gindin duwatsu tana tono ƙasusuwan dabbobin da da suka zama dutse, tana sayarwa. Tana da shekara goma sha biyu ita da wanta suka tono wata ƙatuwar dabbar ruwa mai kai kamar na kada, wadda irinta ta ƙare tun tuni. Ba ta yi makaranta mai zurfi ba, da hannu ta ke kwafe takardun masana tana koya wa kanta. An ce mai haƙuri ya kan dafa dutse ya sha romo. To, ita ta dafa, amma sau da yawa masana maza suka sha, suka rubuta littattafai ba sunanta. Ta rasu a 1847. Sai a 2022 aka kafa mutum-mutuminta a garin, wata 'yar makaranta ce kuwa ta tada maganar.

Saboda haka, iyaye, in yarinya ta tsinto dutse tana tambayar mene ne, kada a kwaɓe ta. Ku kuma 'yan makaranta, ku buɗe ido, in kun yi aiki ku sa sunanku a kai.

Sai wani mako.