Dillalin Fim a Bakin Get

Ranar bikin raba kyaututtuka na zangon da ya wuce, mu 'yan kulob ɗin wasan kwaikwayo muka yi wasa a kan illar talla. Iyaye suka yi ta tafi, mu kuwa sai kanmu ya kumbura. Da aka tashi, wani mutum mai baƙin tabarau ya tare mu a bakin get. Ya ce shi wakilin 'yan fim ne, babu furodusan da bai sani ba a Kano, kuma ya ga za mu yi suna. Kowa dai ya kawo naira 3,000 kuɗin fom da hoto biyu.

Mu tara ne, biyar suka biya. Wata 'yar ajinmu kuɗin adashen da take tarawa don sayen takalmin makaranta ta kwaso ta ba shi. Ranar Asabar muka caɓa ado, muka tsaya inda ya ce daga ƙarfe tara har azahar. Har yau lambarsa a kashe take.

Kunya ta hana mu faɗa, sai bayan mako biyu muka samu Malam mai kula da kulob. Bai yi mana faɗa ba. Ya ce aikin wakili sana'a ce ta gaskiya: shi ke nemo wa ɗan wasa aiki, ya yi masa ciniki, ya duba takardar yarjejeniya. Amma ladansa daga cikin kuɗin aikin yake fita, ba daga aljihun wanda bai fara ba.

Malam ya ba mu misali da jihar Kalifoniya ta Amurka, inda Hollywood take. A can sai da lasisin gwamnati mutum ke zama wakili, kuma yawanci kashi 10 cikin 100 yake ɗauka bayan an biya ɗan wasa. Ya ba mu labarin Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a 1921. Ya tara dukiya, amma da ya girma ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye kusan duka. Ya kai su kotu a 1938, a 1939 aka yi doka saboda shi. A yau dole a ajiye wa yaro kashi 15 cikin 100 na abin da ya samu, ba mai taɓawa sai ya kai shekara 18.

A nan Kano muna da Hukumar Tace Finafinai tun 2001, tana yi wa 'yan fim rajista. Roƙonmu shi ne ta sa ido a kan masu yawo makarantu da sunan wakilai, ta kuma zo ta wayar mana da kai.

'Yan'uwa ɗalibai, ba mu fasa son wasan kwaikwayo ba. Amma duk wanda ya tare ku, ku tambaye shi: ina katin rajistarka? Ina ofishinka? Za ka zo gida ka ga Baba? In ya fara da maganar kuɗi, ku wuce ku gaya wa malami. Ƙawarmu har yanzu da tsohon takalminta take zuwa makaranta.