Ranar da na kai Kawu konsar

Kawuna tela ne, ƙanen mahaifiyata. Shagonsa yana bakin hanya, kuma a ƙofar shagon ne fadarmu take zama in an yi la'asar. Mu ɗora shayi, wani ya haɗa wayarsa da ƙaramin bafil, mu saki waƙa. Wata rana Hamisu Breaker, wata rana Ado Gwanja, wata rana rap na ƴan Yamai. Shi kuwa Kawu yana ciki yana taka keke, da wuya ya tanka. Amma in waƙar ta ishe shi sai ya leƙo ya ce, "Wanga ba kiɗi ba ne, inji na ka kuka." Mu yi dariya, ya koma ciki.

Na daɗe ina ɗaukar maganar a matsayin ƙorafin tsofaffi. Ai an ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Na san akwai wata tsohuwar gitar rataye a bangon ɗakinsa, tsirkiya uku kawai suka rage mata, na kuma san ya taɓa kiɗa a wani orkestar a nan Maraɗi tun ba a haife ni ba. A gidanmu ba a cika zancen ba. Inna takan ce, "Wancan lokacin ƙuruciya ne, Allah ya shirye shi."

Da ƙaramar salla ta matso aka liƙa takardu a gari cewa wani mawaƙi da muke so zai zo konsar. Tike jika biyu. Na tattara ɗan abin da nake da shi na sayi guda biyu, ɗaya nawa ɗaya na Kawu. Gaskiyar magana, ba don in faranta masa na saya ba. So nake ya ga taron da idonsa ya bar raina mu. Ya dubi tiken ya dube ni ya ce, "Kai yaro, jika huɗu? To mu tahi, kada kuɗɗinka su tahi banza."

A takarda an rubuta ƙarfe takwas. Mun isa takwas saura, mun sami wuri kusa da gaba. Har goma ba kowa a dandali sai mai saka faifai. Daga nan aka fara fito da ƙananan mawaƙa, kowa waƙa ɗaya, sai ƴan barkwanci, sai wani mai tallar sabulu. Kawu yana zaune, ya ɗora hularsa a gwiwa. Sha biyu saura mawaƙin ya hau, fili ya ɗauki ihu. Bayansa mutum biyu ne: mai ɗaukar hoto, da wani yaro riƙe da kwamfuta.

Kawu ya matso kunnena. "Ina makaɗan?"

Na nuna masa yaron.

"Shi ɗai?"

"Shi kaɗai, Kawu. Komi na cikin kile."

Bai sake magana ba. Waƙa ta farko ta tashi, kowa ya ɗaga waya, har da ni. Ba a kai ƙarshenta ba aka yanke aka shiga ta biyu. A tsakiyar ta uku wani alhaji ya hau yin liƙi, mawaƙin ya sauke makirfo daga bakinsa don su gaisa, muryarsa kuwa ta ci gaba da rera waƙa a cikin bafil kamar ba abin da ya faru. Na saci kallon Kawu. Dariya yake har da share hawaye. Kunya ta kama ni kamar ni ne a kan dandalin.

Can kuma kwamfutar ta tsaya cak. Kiɗa ya ɗauke, yaron ya duƙufa yana ta danne-danne. Na ce shi ke nan, yau Kawu ya sami abin yi mini tsiya har shekara. Sai kawai jama'a suka ɗauki waƙar daga inda ta tsaya. Maza da mata, har yara ƙanana da aka ɗora a kafaɗa, kowa ya san baitin, ba wanda ya yi tuntuɓe. Mawaƙin ya miƙa mana makirfo, muka kai masa waƙar har ƙarshe ba ganga ba piyano. Da na waiwaya, Kawu ya daina dariya. Yana tsaye yana kallon mutane.

Duka-duka mawaƙin bai yi minti arba'in ba. Muka fito, babu kabu-kabu, muka kama hanya da ƙafa. A wannan tafiyar ne Kawu ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba.

Ya ce su takwas ne a orkestar ɗinsu: gitar biyu, bas, mai ganguna, mai tumba, mai busa, da mawaƙa biyu. Zamanin Seyni Kunce ne, lokacin samariya, kowace unguwa da ƙungiyarta, kowace jiha tana shirin gasar matasa ta ƙasa. Kayan kiɗan ba nasu ba ne, na gidan matasa ne, a nan ake ajiye su, a nan ake koyo. Waƙa ɗaya sai su yi wata guda suna maimaita ta kafin su yarda su fito da ita gaban mutane. In an yi bal kuwa, daga ƙarfe tara sai kusan asuba, yatsu su fashe a ɗaure su da tsumma a ci gaba. Da farko kwaikwayo suke yi, rumbar Kongo, kiɗan Kuba, na Mali da na Gine, suna rera kalmomin da ba su san ma'anarsu ba. Da aka kafa gasar Ɗan Gurmu a 1987 sai hankali ya ƙara komawa ga waƙa da harsunanmu, a ɗauko kiɗan gida a ɗora shi a gitar. Ya lissafa mini sunaye yana ƙirgawa da yatsa: Elhaji Taya, Mamman Barka da gurminsa, Musa Pusi, Sa'adu Bori wanda ya ɗauko kiɗan bori ya kai shi dandalin zamani.

"Abin da ba ku sani ba," in ji shi, "makaɗi kallon mai rawa yaka yi. In ka ga ƙafarta ta yi sauri sai ka bi ta. In hili ya yi sanyi, mai ganga ya tada shi. Waƙa guda ba ta hita iri guda sau biyu. Ko Shata ka saurara, da ƴan kalangunai, nan take yaka ganin mutum ya sa shi cikin waƙa. Kile fa? Kile ba ya ganin kowa."

Na yi shiru don ban da amsa. Ina jiran ya ƙarasa da cewa zamaninsu ya fi namu, sai ya juya zancen.

Ya ce kada in ɗauka aljanna suka zauna. Gidan rediyo ɗaya ne a ƙasar, Muryar Sahel, talabijin ɗaya. In ba a sa waƙarka can ba, to iyakarta garinku. Ɗaukar waƙa mai kyau sai an je Yamai. Waƙoƙin gasa kuwa yawanci an san abin da ake so su faɗa: haɗin kai, noma, dashen itace, yabon hukuma. Ba wanda ke da ƙarfin halin hawa dandali ya ce ga abin da ke damunsa da masu mulki. Kuɗi kuma babu. A kwana ana kiɗa a tashi da kwanon shinkafa da abin da bai kai sayen tsirkiya ba. Sannan ga bakin mutane. Yarinyar da ya fara nema, iyayenta suka ce ba su ba da ɗiyarsu ga ɗan iska mai kiɗan bal. Wannan ban taɓa ji ba sai ran nan.

Na tambaye shi me ya kashe orkestar ɗin. Ya ce ba abu guda ba ne. Bayan taron ƙasa na 1991 samariya ta watse, kayan gidan matasa suka lalace ba mai gyara. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, tun daga tsirkiya har bafil. Wa'azi ya yi ƙarfi a gari, wasu cikinsu suka ajiye kiɗa don kansu, wasu iyali suka matsa musu. Daga baya piyano ta zo tare da waƙoƙin finafinan Kano, mutum ɗaya ya zauna ya fitar da ganga da bas da busa da yatsu goma. Mai biki ya duba, ciyar da mutum takwas ko biyan mutum ɗaya? Kawu ya ce ko shi ne mai bikin ya san abin da zai zaɓa.

Sai da muka kusa gida ya ce, "Amma abin da na gani yau, mu ba mu taɓa samu nai ba. Mutane dubu su riƙe maka waƙarka da baki. Yaron ga bai iya kiɗi ba, amma waƙatai ta shiga gidan kowa."

Na kwana ina juya wannan magana. Da na tafi ne don in ci gardama, sai na dawo ban san wa ya ci ba.

Ga abin da na iya fahimta, ƴan'uwa, ku ma ku auna. Abin da zamaninmu ya samu shi ne ƙofa ta buɗe. Abokina na fada yana ɗaukar waƙa a wani ɗaki da aka liƙa wa katifa a bango, da kwamfuta ɗaya da makirfo ɗaya, washegari tana yawo a WhatsApp har Agadas. Ba ya jiran izinin kowa. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, a Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, suka bi wayoyin mutane ta Bluetooth da katin waya har suka kai kunnen wani Ba'amurke, yau ga shi yana kiɗa a Turai da Amurka. A zamanin Kawu wannan hanyar babu ita. Ƴan rap irin su Lakal Kaney, Kaidan Gaskiya da Wass Wong sun faɗi abubuwa a kan rashin aiki da cin hanci waɗanda mawaƙin samariya ba zai iya furtawa ba. Mata ma sun sami fili, daga Fati Mariko zuwa ZM da Safiath.

Abin da muka rasa kuma hannu ne. A fadarmu mu goma sha ɗaya ne, huɗu suna kiran kansu mawaƙa, ba ko ɗaya da ya iya riƙe gitar, gurmi ko kalangu. Mun saba da murya da inji ya gyara har muryar mutum tsirara tana yi mana wani iri. Mun kuma yarda a karɓi jika biyunmu a saka mana abin da ke cikin wayarmu tun da safe, mu tafa. Wannan laifinmu ne mu masu sauraro. Ba wai masu kiɗa da hannu sun ƙare ba. Tal National suna nan a Yamai suna kwana suna kiɗa, Mamar Kassey da ƙungiyar Sogha ma haka, kuma duk wanda ya taɓa zama filin kokowa ya san abin da ganga take yi wa jikin mutum. Mu ne ba mu nemansu.

Bayan kwana biyu Kawu ya kira ni ɗakinsa ya ciro kaset daga ƙasan akwati. Ita kaɗai ce shaidar orkestar ɗinsu, wani ya ɗauka da rediyo a wani bal. Muka yi yawon neman abin da zai kunna ta, da ƙyar muka samu wurin wani mai gyara. Na ajiye wayata kusa da bafil ina ɗauka. Sautin duk shuu ne, ana jin surutun mutane da ƙarar kwalabe, amma kiɗan yana da rai, sai na ji ƙafata tana motsi. A waƙa ta huɗu rediyon ya cinye zaren. Muka ciro shi a hankali, muka naɗe da bik, muka yanke inda ya tauye muka liƙe. Abin da aka yanke bai fi rabin minti ba, amma daidai wurin da Kawu yake kaɗa gitar shi kaɗai ne. Ya riƙe guntun zaren a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ba komi." Na san da komi. Cikin su takwas, uku sun rasu, kuma ba wani kwafi a ko'ina.

Sauran waƙoƙi shida suna cikin wayata yanzu, na tura wa mutum biyar don kada su ɓata. Da na saka su a fada, abokina mai waƙa ya ce yana son ya ɗora baitinsa a kan ta biyun. Na kai maganar ga Kawu ina tsoron ya yi faɗa. Ya ce ba ya ba da kiɗan matattu a yanka, amma in yaron da gaske yake, ya sayo tsirkiya shida ya zo ya zauna, shi zai kaɗa masa sabo. Mun yi karo-karo, mun ba wani direba saƙo Kano.

Don haka nake roƙon duk wanda wannan ɗan littafi ya shiga hannunsa, a Maraɗi ne, Damagaram, Tawa ko Yamai: in ka koma gida hutu, ka tambayi tsofaffinku ko akwai kaset a ƙasan akwati. Zafi da ƙura suna cin zaren kowace shekara. Ka nemi rediyo mai lafiya, ka gwada shi da wata kaset da ba ka damu da ita ba tukuna, kada ka yi kuskuren da muka yi. In kuma wanda ya yi kiɗan yana raye, ka zauna ya gaya maka sunayen waɗanda suke ciki, ka rubuta.